Ku samu sana'a kafin ku nemi kujera

Ƙannena masu zumuɗin shiga siyasa, maza da mata, ku tsaya ku ji labarin Marziya Wahid Dastajardi ta ƙasar Iran.

A Tehran aka haife ta a 1959. Likitar mata ce, ta yi karatu ta kuma koyar a jami'a. Sai da ta ƙware a asibiti sannan ta tsaya takara, mutanen Tehran suka tura ta majalisar dokoki a 1992, suka sake zaɓenta a 1996. A 2009 Shugaba Ahmadinejad ya miƙa sunayen mata uku don a ba su minista. Majalisa ta yi watsi da biyu, ita kaɗai ta tsallake, ta zama ministar lafiya. Ita ce mace ta farko da aka ba minista tun juyin juya halin 1979.

A 2012 takunkumin Amurka da Turai ya tsananta, darajar riyal, kuɗin Iran, ta faɗi, magunguna suka yi wuyar samu, har da na masu ciwon daji. Da wata ce sai ta ɗora laifin duka a kan takunkumi ta yi shiru, ba wanda zai tuhume ta. Ita kuwa fitowa fili ta yi, ta ce dalar da aka ware don shigo da magani ba ta iso ma'aikatarta ba, alhali ta ji ana shigo da motocin alfarma da dala mai rangwame. Gwamnatin da take ciki fa take wa wannan magana! A watan Disamba na shekarar aka sauke ta.

A ganina iliminta ne ya ba ta wannan ƙarfin hali. Za a iya ƙwace mata ofis, amma likitanci yana hannunta. Wanda kuwa ba shi da abin yi sai bin bayan mai gida, ko an tauye haƙƙin unguwarsu dole ya zama ɗan amshin shata, don tuwon dare yana aljihun wani.

Ba ina cewa ku ɗauki duk ra'ayinta ba. Mai ra'ayin 'yan mazan jiya ce, ta goyi bayan raba asibitin mata da na maza, kuma 'yan ƙasarta da dama sun soke ta a kan haka.

Ke da kike makarantar koyon jinya ana zuga ki ki ajiye karatu ki shiga kamfe, ƙarasa ki karɓi shaidarki tukuna. Kai ma da ka bar shagon walda kana yini a ƙofar gidan ɗan takara, koma wurin ubangidanka ka ba shi haƙuri tun bai ɗauki wani yaron ba.