Tramol ta fi yawa a hannun masu aiki

Duk lokacin da hukumar OCRTIS, mai farautar masu fataucin miyagun ƙwayoyi a Nijar, ta baje kolin abin da ta kama a Yamai, ko aka zo ranar 26 ga Yuni ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi, jawabi ɗaya ake maimaita mana: zaman kashe wando ne ke jefa matasa cikin shaye-shaye, a sama musu aiki a huta. Wannan magana ta ishe ni, domin ta kauce wa inda cutar ta yi katutu, wato wurin aikin kansa.

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya wajen mai shayi a bakin kasuwar Katako zai ga masu jefa tramol cikin kofi. Yawancinsu 'yan dako ne da ke jiran motar siminti, da leburorin gini, da 'yan kabu-kabu waɗanda mai babur ke jiran kuɗin yini daga hannunsu da magariba. Da bakinsu suna kiranta maganin gajiya.

Ƙwayar da likita ke rubutawa miligiram 50 ce ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wadda ake sayarwa a ɓoye takan kai 225, saboda haka guda biyu sun riga sun tsallake iyaka. Ba ta kawar da gajiya, ciwo kawai take rufewa, sannan ta kawo jiri da gyangyaɗi, wani lokaci har da farfaɗiya. A ƙaddara magini yana bene hawa na biyu cikin zafin watan Afrilu, ko direba ya ɗauko fasinja sha tara ya kama hanyar Dosso, jikinsa ya fara karkarwa. Idan ya haɗa da giya kuwa, numfashin ma yana iya ɗaukewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne iyayen gida sun sani. Mai biyan lada da ƙidayar bulo ko yawan sawu yana ganin jan idon yaronsa, amma sai ya yaba masa da ƙwazo. Ranar da ya faɗo kuma a ce ƙaddara ce, a ɗauko wani. Masu cewa a gwada fitsarin ma'aikata a kori mai sha, wurin gini na gaba kawai suke tura shi.

Ya kamata sufetocin aiki su fito daga ofis su shiga wuraren gini da tashoshin mota, su tambayi awa nawa mutum ke yi a tsaye. Idan kuma haɗari ya auku, a fara kiran wanda ya tsara aikin ya yi bayani tare da yaron nasa.