Fata Daga Rasha

Da daddare a teburin mai shayi. Ga Bakano, ga Bazazzage, sai ga ɗan ƙanwar Bakano da ya dawo daga karatun likita a Rasha.

Bakano: Kai likita zo nan, an ce ka samo mata a can, ya sunanta?

Likita: Nadezhda, Kawu.

Bakano: Ka daɗe da wa? Subhanallahi, tun ba a ɗaura ba?

Bazazzage: Suna ne fa. Kunnen Bakano in ba ƙarar kuɗi ba baya ji.

Likita: A gida Nadiya suke ce mata.

Bakano: Au to ai tamu ce, Nadiya nawa ne a layinmu.

Likita: Ta layinku daga Larabci take Kawu, a baki kawai suka yi kama. Wannan tsohuwar kalmarsu ce, sunan Girkawa Elpis suka fassara zuwa yarensu bayan Kiristanci ya shigo musu, akwai ma labarin wasu 'yan mata uku 'yan uwa ɗaya, Vera da Nadezhda da Lyubov, uwarsu Sofiya, da aka kashe a birnin Rum zamanin sarki Hadriyan, har yau duk 30 ga Satumba cocin Rasha na tunawa da su. Matar Lenin, tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet, ma sunanta kenan.

Bakano: Ni lacca na tambaye ka? Ma'ana nake so.

Likita: Vera imani, Lyubov soyayya, Nadezhda kuma fata.

Bakano: (ya dire kofi) Fata? Ta akuya ko ƙirgi? Jemammiya ko ɗanya? Yaro kana zaune kan arziki shekara shida baka faɗa ba! Nawa suke sakin dozin?

Bazazzage: Fatan alheri ake nufi Alhaji, ba ta majema ba.

Bakano: Kai malam bari, ku da ko kilishi sai kun tambayi nahawunsa. To ita soyayyar da imanin, su ma babu na sayarwa?

Likita: Babu Kawu.

Bakano: Gida guda 'ya'ya uku ba mai kawo ko sisi. Allah ya ji ƙan Sofiya.

Mai shayi: Alhaji tunda ana maganar sisi, kuɗin shayina na sati uku fa?

Bakano: (ya miƙe yana gyara hula) Ka ci gaba da Nadezhda.