Faston ƙauye: a gajiyar da shi a Disamba, a manta da shi a Agusta

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan fasto a ƙauyukan Sumaila, Rogo ko Tudun Wada ranar 24 ga Disamba, jajibirin Kirsimeti, ya san gidan ya tashi daga hannun masu shi. Tun da sanyin asuba 'yan Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, sun girka tukwane a tsakar gida. Matasa na neman mabuɗin ɗakin da aka ajiye ganguna, janareto ya ƙi tashi, ga angon da za a ɗaura wa aure ranar 27 ya zo da kawunsa a kan wata magana da ba ta ƙare ba tsakaninsu da dangin amarya. Kowa ya shigo da "Baba Fasto" a bakinsa. Uwargida kuwa, wadda kowa ke ce wa Mama, tana tsakanin murhu da rijiya, yaranta kuma an tashe su daga ɗakinsu saboda baƙin da suka dawo daga ci-rani. Bikin na kowa ne ban da masu gidan da aka kafa shi a ciki.

Ba na ganin laifin bikin. Abin da nake ganin ya kamata ikilisiyoyin karkarar Kano da Jigawa su gyara shi ne lissafi: ana aiki da fasto bisa kalandar coci, ana ciyar da shi bisa kalandar gona, amma ba wanda ya zauna ya ɗora ɗaya a kan ɗaya ya ga inda suka yi karo.

A duba yadda shekarar take. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Janairu ayyuka a cunkushe suke: sujadar godiyar kaka, aure bayan aure domin a lokacin ne manomi ke da abin hannu, ajin baftisma, Kirsimeti, sai kwanan zaune na shiga sabuwar shekara. Fasto ɗaya kan riƙe majami'arsa da wasu ƙananan wuraren sujada biyu ko uku a ƙauyukan kewaye, inda mai bishara ne ke zaune ko ma babu kowa, kuma Jibin Ubangiji da ɗaurin aure sai shi. A watannin nan ne kuma hatsi ke shigowa. Sai a zo Yuli da Agusta: rumbuna sun yi ƙasa, baikon Lahadi ya koma 'yan canji, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara gida-gida, hanyoyi sun cika da laka, ga gonarsa tana jiran maimai. Lokacin da ya fi yawan zirga-zirgar duba marasa lafiya da jana'iza shi ne lokacin da ma'aji ke ce masa a yi haƙuri, albashin wannan wata sai an ga abin da Lahadi mai zuwa za ta kawo.

Maganar abinci ce ta fi sauƙin gyarawa, domin lissafi ce tsagwaronta. Buhun hatsi babba yana cin tiya arba'in. Gida mai mutum bakwai, in ana tuwon dare da kunu ko koko da safe da ɗan abin rana, zai ci kusan tiya ɗaya da rabi a wuni. Ke nan buhu ɗaya bai cika kai wata ba, shekara kuwa tana neman buhu goma sha uku zuwa sha huɗu. Wannan na iyali ne kawai. Gidan fasto kuwa masauki ne: mai wa'azin da aka gayyato, ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki da aka turo koyon aiki, matar da ta yi yaji, sabon mai bi da danginsa suka juya masa baya, duk a tukunyar Mama suke ci. Dattawan da suka ware wa fasto buhu takwas suka ce sun yi ƙoƙari, sun ciyar da shi ne zuwa watan Yuni, daidai lokacin da farashi ya fara hawa.

Kuskuren da aka fi yi yana faruwa ne mako guda bayan godiyar kaka. An tara zakkar gero da dawa da masara da wake da gyaɗa a gaban bagade, an yi waƙa, an yi addu'a, sai kwamiti ya ce a kai kasuwa a sayar domin a sayi kwanon rufi ko a biya kason da gundumar coci ke bin ikilisiya. A lokacin nan hatsi ya fi kowane lokaci araha, domin kowa na sayarwa. Bayan wata bakwai ikilisiyar nan za ta koma kasuwa ta sayi irin hatsin da tsada, ko ta bar fasto ya ci bashi a shago. Tsarin da ya fi shi ne a auna komai a gaban mutum uku, sakatare ya rubuta, a fara cire abincin gidan fasto na shekara da kason baƙi da na gwauraye, abin da ya saura a raba biyu: rabi a sayar in buƙata ta matsa, rabi a kulle sai damina ta yi nisa.

Ajiyar ma tana da nata sharuɗɗa, kuma a nan ake yawan asara ba tare da kowa ya ci ko ƙwaya ba. Gero da dawa sun fi daɗewa in an bar su a dami cikin rumbu, a riƙa sussukewa kaɗan-kaɗan. Wake shi ne mai rigima, in aka zuba shi a buhu haka kawai kafin wata uku ƙwari sun mai da shi gari. Buhun PICS mai riɓi uku, wato ledoji biyu a cikin buhu ɗaya, yana maganin wannan ba tare da an sa guba ba, amma sai an bi ƙa'idarsa: waken ya bushe ƙarau, a hura iska a ledojin ciki biyu a tabbatar ba huda, a matse iskar a ɗaure kowace leda ita kaɗai, sannan a ɗaure buhun waje, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera da danshi. Wanda ya riƙa buɗewa yana ɗiba duk mako ya ɓata aikin, domin rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Ƙwayar nan kuma da ake jefawa cikin hatsi mai fitar da iska mai guba, kada a kuskura a sa ta a ɗakin ajiyar da ya haɗa bango ko rufi da ɗakin kwana. A gidajen fastoci da yawa ɗakin ajiyar ikilisiya yana manne da na yara.

Hutu kuwa ya fi wuyar magana, domin da an ambace shi sai wani dattijo ya gyara zama ya ce kiran Allah ba aikin gwamnati ba ne, manomi ma wa ya ba shi hutu? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta ne. Manomi yana da rani, yana da ranar kasuwa, yana da Lahadi. Lahadin fasto kuwa ita ce ranar da ya fi shan wuya. Kuma Littafin da yake wa'azi da shi bai goyi bayan dattijon ba: a Markus sura 6 Almasihu da kansa ya janye almajiransa gefe su huta domin jama'a sun hana su ko sukunin cin abinci, a Fitowa sura 18 kuma Yetro ya gaya wa surukinsa Musa cewa zaman shari'a daga safe har yamma shi kaɗai zai gajiyar da shi ya gajiyar da jama'ar. Turawan ƙungiyar mishan ta SIM, waɗanda aikinsu ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954, sun san haka sarai. Sun yi aikin kutare a Yadakunya kusa da Kano, sun buɗe asibitin ido a Kano, amma sun gina wa kansu gidan hutu a Miango kusa da Jos, kuma sukan koma ƙasarsu hutu bayan 'yan shekaru. Faston Bahaushe ya gaji aikinsu, bai gaji hutunsu ba.

To yaushe? Ba a Disamba ba, wannan a bayyane yake. Ba kuma a dogon hutun makaranta na Agusta ba, ko da yake yara na gida, domin barin gona a lokacin barin abincin baɗi ne, kuma aljihu a bushe yake. Tagar da ta fi dacewa ita ce bayan Ista. Bikin yana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, sau da yawa yakan yi kusa da hutun makaranta na zango na biyu, ruwan shuka kuma a wannan yanki ba ya zama sai wajen ƙarshen Mayu ko Yuni. Mako biyu a nan, da iyali duka. Sai a ƙara mako ɗaya ko biyu a tsakiyar Janairu, bayan ƙurar bukukuwa ta lafa, wannan na barci ne da ganin likita da gyaran babur. Raba hutun biyu ya fi a ba shi wata guda a dunƙule, domin ƙaramar ikilisiya tana iya riƙe kanta Lahadi biyu, ta huɗu kuwa sai a fara rigimar wa zai hau bagade.

Hutun da aka yi a gidan fasto ba hutu ba ne. Gidan yana harabar majami'a, ƙofarsa kowa ya san ta, kuma ba Bahaushen da zai ji sallama ya yi shiru. Dole ya bar garin, ko zuwa garinsu ko na surukansa, kuma dole kuɗin mota ya fito daga asusun ikilisiya, a sa shi cikin kasafin shekara tun Janairu. In ba haka ba, za a ce an ba shi hutu, shi kuma ya zauna don ba shi da na mota, kowa ya wanke hannunsa. Kafin ya tafi a rubuta sunan mai wa'azin kowace Lahadi a manna a bango, a sanar da faston da ke makwabtaka cewa jana'iza in ta faɗo tasa ce, a sanar da mai unguwa ko dagaci wanda zai tsaya a madadinsa in wata magana ta taso tsakanin jama'a. Waya kuma dattijo ɗaya ne zai riƙa kiransa, a kan rasuwa ko abin da ya kai ta. Rikicin mawaƙan coci a kan wa zai riƙe makirufo zai iya jira.

Akwai laifin fastocin su ma, bai kamata a ɓoye ba. Wani ba ya son tafiya don yana tsoron a gane ana iya sujada ba shi. Wani ya riƙe mabuɗi, ya riƙe littafin kuɗi, ya riƙe jerin masu karatu, har ba dattijon da ya taɓa jagorantar addu'ar safe. Irin wannan in ciwo ya kwantar da shi, jiki magayi, sai ikilisiya ta tsaya cik. Wanda ya saba ba dattawa wa'azin Laraba da ziyarar gidaje tun yana nan, shi ne ke iya tafiya ya yi barci.

Mama ce aka fi zalunta a tsarin nan, kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Ba a ɗauke ta aiki ba, ba ta cikin takardar albashi, amma ita ce mai dafa wa baƙi, mai ba matan aure shawara, mai raka mai naƙuda asibiti da tsakar dare, sau da yawa kuma ita ce ake sa ran ta ja ragamar Zumunta. Abu biyu za su rage mata. Girkin Kirsimeti da na taro ya koma wani gida ko rumfar da aka kafa a filin majami'a, a yi shi bisa juyi tsakanin unguwanni. Abincin da ake aika wa makwabta Musulmi ranar Kirsimeti, wanda al'ada ce mai kyau da ke riƙe zumunci kamar yadda naman layya ke zuwa daga wancan ɓangaren, a fitar da shinkafarsa da mansa daga asusun ikilisiya, tunda da sunan jama'a duka ake aikawa. Yaran gidan kuma a bar su su zama yara. Ɗan fasto in ya yi faɗa a rijiya, faɗan yara ne, ba abin kai wa zaman dattawa ba.

Babur ma yana cikin lissafin iyali, ko da ba a saba kallonsa haka ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin zuwa ƙauye uku a mako ya zama abin da ke cin albashi. In ba a ware kuɗin mai da baƙin mai da taya daban ba, daga kuɗin cefane da na makarantar yara suke fita. A sayi ƙaramin littafi, a rubuta kowace tafiya ta aiki, ma'aji ya biya a ƙarshen mako. Gonar fasto kuma a sa mata ranar gayya biyu tun kafin ruwa ya sauka, ɗaya a noman fari, ɗaya a girbi, domin ranar da ya kamata ya shiga gonarsa ita ce ranar da ake kiransa jana'iza.

Saura magana ɗaya da ke hannun shugabannin gunduma, ba dattawan ƙauye ba: canjin wurin aiki. Takardar canji da ta iso a Yuli tana raba mutum da gonar da ya zuba wa taki, ta cire yara daga makaranta ana dab da jarrabawar ƙarshen shekara, ta kai shi sabon wuri lokacin da rumbun can ya riga ya yi ƙasa. In an sanar da shi a Oktoba ya tashi a Janairu, ya girbe abinsa, ya yi sallama a Kirsimeti, ya isa sabuwar ikilisiya da buhunansa a mota, kuma yana da wata huɗu ya nemi gonar aro ya kai mata taki kafin ruwan farko.