Mai Kunnen Aro

To, an ce mun tsufa. Mun ji, mun gode. Allah ya kai mai faɗar inda muka kai, in yana da rabo.

Shekaranjiya na ɗora 'yan layuka a kan kundin waƙoƙin mawaƙin Ingila Paul McCartney, wanda ya sa wa suna McCartney III. Ban kira sunan kowa ba, ban taka wutsiyar kowa ba. Ko awa biyu ba a yi ba sai ga mutum huɗu sun turo mini sikirinshot: wani ya hau shafinsa yana cewa akwai dattawan da suka maƙale a zamanin rediyo mai batir, suna yi wa jama'a tallar muryar da ta yi tsatsa kamar ƙyauren gidan kaka. Har da fuskar dariya guda uku. Wai shi masani. Wai shi mai kunne.

Ni dai ba zan tanka ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Amma tunda an taɓo tsohon, bari mu yi maganar tsohon, ko mai kunnen aro zai samu abin kwafa na wannan makon.

An haifi mutumin nan a Liverpool a 1942. Lokacin da kundin ya fito, a Disambar 2020, yana da shekara 78. Kullen korona ya ritsa da shi a gonarsa da ke yankin Sussex a kudancin Ingila, duniya ta tsaya cak, wasu na can suna ƙirga kwanon silin. Shi kuwa sai ya riƙa shiga situdiyonsa. Ya zauna ya buga ganga, ya tashi ya ɗauki jita, ya koma kan fiyano, ya dawo ya ɗora murya, ɗaya bisa ɗaya har waƙa ta tashi. Waƙa 11, kusan komai da hannunsa. Na ce kusan, don a waƙa ɗaya mai suna Slidin' akwai hannun mutum biyu daga cikin makaɗansa, kuma bai ɓoye sunansu ba. A lura da wannan: bai ɓoye sunansu ba. Akwai masu ɗauke rubutun mutum ɗungurungum, har da kuskuren da yatsana ya yi, su manna a shafinsu ko "an ce" babu.

Kuma ba wannan ne karon farko ba, abin da mai kunnen aro bai sani ba ke nan. A 1970, ƙungiyarsu ta kiɗa, Beatles, na watsewa, ya kulle kansa ya yi na ɗaya shi kaɗai. A 1980 ya yi na biyu. Shekara 40 ta wuce kafin na uku, shi ya sa aka sa dais irin na lido a bangon, yana nuna ɗigo uku. Har da wata ƙatuwar goge mai tsayin mutum ya kaɗa a ciki, wadda ake tsayawa a ja da yatsa, ta Bill Black ce makaɗin Elvis Presley, marigayiya matarsa Linda ta saya masa. Kundin ya hau lamba ɗaya a Birtaniya, rabonsa da hawa nan da sunansa tun 1989. A Amurka ya tsaya na biyu, Taylor Swift ce kawai a gabansa, yarinyar da aka haifa a waccan shekarar ta 1989 ɗin. Tsatsa ke nan. Allah ya ba mu irinta.

Muryar ta shaƙe? Ta shaƙe mana. Wa ya ce ba ta shaƙe ba? In ya kai sama sai ka ji tana rawa, kamar zaren da aka ja ya kusa tsinkewa. Ni da kaina na rubuta haka a layi na uku, da an karanta har can. Akwai ma waƙa ɗaya ko biyu da nake tsallakewa, ba na jin kunyar faɗa. Sai dai abin da ya kama ni shi ne bai lulluɓe ta da na'ura ba, ya bar ta yadda Allah ya mayar da ita. Sannan ya rufe kundin da When Winter Comes, wadda ya ɗauka tun 1992 tare da George Martin, furodusan Beatles, muryarsa garau ta ɗan shekara 50, yana lissafa aikin gona: shinge ya ɓalle a gyara, dila na yi wa kaji da 'yan raguna sintiri. Ya ajiye muryarsa ta jiya kusa da ta yau, ya ce ku ji duka. Sai mai ƙarfin zuciya ke yin haka. Wasu ko hotonsu na bara ba sa yarda a gani.

Yanzu kai. E, kai ɗin, na fasa haƙurin.

Wa ya fara sa maka Beatles a kunne? A shagon wa kake wuni, kana zaune a kan bencin da ƙafarsa ɗaya bulo ne, kana cewa "Yaya, don Allah maimaita wannan"? Wa ya ce maka McCartney da Lennon, abokin waƙarsa a Beatles, ba mutum ɗaya ba ne? Ranar da Kanye West ya fitar da waƙa da shi, ba kai ka zo da gudu kana ce mini Kanye ya taimaki wani dattijo zai yi suna ba? Na yi dariya har na ƙware da shayi, amma ban fallasa ka ba, shekara nawa ke nan. Yau Yaya ya koma "dattawa". Ba tsufan ne ya yi mini ciwo ba, wallahi, furfura ai ba a saye ta a kanti. Fuskar dariyar nan uku ce. Ni ka yi wa dariya a gaban yaran da ba su san wanda ya koya maka riƙe faifai ta gefe ba.

Kuma masu cewa hassada nake don mabiyansa sun fi nawa, ku ji da kyau. Ni ban taɓa sayen mabiyi ko ɗaya ba. Shi ke nan abin da zan ce a nan.

Bari in ƙara wa mai kunnen aro darasi ɗaya kyauta, don na san gobe zan gan shi a shafinsa. A 1973 McCartney ya zo Legas ɗaukar kundin Band on the Run a situdiyon EMI da ke Apapa. Ana gab da tafiya mutum biyu suka fice daga ƙungiyarsa, har da mai ganga, sai ya zauna ya buga gangar da kansa. Fela Kuti ya zarge shi da cewa ya zo satar kiɗan Afirka, sai ya gayyace shi ya kunna masa abin da suka ɗauka, ya ji da kunnensa babu nasa a ciki. Wanda bai ɗauki na kowa ba ba ya tsoron a buɗe jakarsa. Ka yarda mu buɗe taka?

A tafiyar nan dai, 'yan fashi suka tare shi da Linda da dare, da wuƙa, suka tafi da kasusuwan gwajin waƙoƙin. Suka tafi da kaset, waƙar tana kansa. Ya koma situdiyo ya tuno su, kundin ya fito ya zama ɗaya daga cikin mafi girma da ya yi bayan Beatles.

Filashina mai jan murfi, wanda aka ara "na kwana biyu", yau shekara shida. Duk abin da ake taƙama da shi a shafin can daga cikinsa ya fito, har yadda na jera sunayen. Kayan aro ba ya rufe katara, balle kunne. A riƙe waƙoƙin, na yafe, suna kaina. Filashin dai a aiko mini da shi kafin Juma'a, kuma kar a aiko yaro. Mai kunnen aro ya san hanyar shagon, bencin ma yana nan.