Ƙwai a Baka da Kaza a Akurki

'Yan uwana matasa, kowa ya amsa wannan a zuciyarsa. Za a ba ka naira dubu hamsin yau, ko dubu hamsin da biyar bayan wata ɗaya. Mafi yawanmu za mu ce a miƙo ta yau. To, a sauya: dubu hamsin bayan wata goma sha biyu, ko dubu hamsin da biyar bayan wata goma sha uku. Nan kuma sai mu ce ai wata ɗaya ba komai ba ne, mun jira. Alhali jiran ɗaya ne, ƙarin ma ɗaya ne. Kusancin kuɗin da hannu kawai ya juya mana tunani.

Da irin wannan tambayar masana tattalin arziki suke auna yadda mutum ke rage darajar abin da zai samu gaba. Richard Thaler, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2017, ya tambayi ɗalibai a Amurka nawa za a ba su kafin su haƙura da dala 15 ta nan take. Sakamakon ya fito a 1981: dala 20 in wata ɗaya za a jira, dala 50 in shekara ce, dala 100 in shekara goma ce. Da aka mayar da lissafin na shekara-shekara, ladan da suke nema kan jiran wata guda ya kai kashi 345 cikin ɗari, na shekara goma kuwa kashi 19 kacal. Wato abin da ke gaban ido shi ne mai wuyar bari. Na nesa, kowa gwanin haƙuri ne.

Ba cewa nake yi son na yau wauta ba ne. Da Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ya san abin da ya gani. A Jami'ar Rochester ta Amurka, Celeste Kidd da abokan aikinta sun gwada yara da alawa: ka ci ɗaya yanzu, ko ka jira a ba ka biyu. Yaran da aka riga aka cika musu wani alkawari sun jira kusan minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kusan minti 3. Wanda aka sha yaudara ba ya jira, kuma yana da hujja. Haka wanda ya ƙulle naira a akwati a 2024, shekarar da hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, asara ya yi, ba tattali ba.

Inda nake jan kunnenmu daban ne. Shi ne inda kai da kanka ka yanke shawara, ba wanda ya tilasta ka, ka ce ƙarshen wata zan cire kuɗin makaranta ko na ƙarin jari, sannan ranar da kuɗin ya shigo sai ga sabuwar waya, ga anko, ga cacar ƙwallo da wasu ke ɓoyewa suna yi. Kafin sati ya zagayo ka koma cin bashi a manhajar waya da ruwa mai nauyi, ban da haramcin da ke cikinsa. Nan babu wanda ya saɓa maka alkawari sai kai.

Manoman yammacin Kenya ma haka suka yi ta fama. Da kaka kowa na cewa zai sayi takin zamani, lokacin shuka ya zo babu kuɗi. Masana tattalin arziki Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson suka gwada wata dabara mai sauƙi: a je wa manomi da tayin taki da zarar ya yi girbi, ya biya a lokacin, a kai masa har gida kyauta. Amfani da taki ya ƙaru sosai, har tasirin bai gaza na rangwamen rabin farashi da aka yi daga baya ba. Ba wa'azi aka yi musu ba, lokacin biya aka matso da shi.

Iyayenmu mata sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke adashe. Ba riba uwar adashe ke bayarwa ba. Kunyar a ce ba ki zuba ba ita ce ke tsare kuɗin har ranar kwasa. Don haka kada ka dogara da ƙarfin zuciyarka, ɗan'uwa, ɗaure hannunka tun kuɗin bai iso ba. Mai albashi ya sa banki ya riƙa cire wani kaso ranar da aka biya. Mai sana'ar hannu ya shiga adashe da mutanen da ya san gidajensu. Manomi ya sayi takin baɗi da kaka, ya ware buhunan da ba za a taɓa ba sai damina ta yi tsakiya, lokacin da hatsi kan yi tsada. Wanda kuma ke tsoron faɗuwar naira ya mayar da ajiyarsa tunkiya ko kayan sana'a, abin da ba a sayarwa da danna waya cikin dare.