Kafin ka kai uwargida gidan abinci mai tsada

Ranar Laraba da daddare wani ƙanena da ya yi aure bara ya kira ni. Bayan mun gaisa ya ce: "Yaya, Asabar ɗin nan muke cika shekara ɗaya, ina so in fita da ita cin abinci. Wane wuri ne ya fi tsada a Abuja?" Na ce masa ya ajiye maganar tsada tukuna, ya gaya mini me matarsa take son ci, kuma a wane irin wuri take sakewa. Sai ya yi shiru. Mun kusa awa guda a waya, kuma da muka gama na ga ya kamata in rubuta abin da na gaya masa, domin ba shi kaɗai ne ya taɓa yi mini wannan tambayar ba.

Maganata a kan miji da matarsa ce. Na san akwai masu ganin fita da mace cin abinci ɗabi'ar Turawa ce da muka aro, kuma ban yarda da su ba. A cikin Sahihu Muslim, Anas ya ba da labarin wani Bafarishe maƙwabcin Manzon Allah (SAW) wanda ya iya haɗa romo. Ya dafa, ya zo ya gayyaci Annabi. Annabi ya nuna Nana A'isha ya ce: "Da wannan fa?" Mutumin ya ce a'a, Annabi ma ya ce a'a. Ya sake dawowa, aka maimaita haka. Sai a karo na uku ya ce har da ita, sannan suka tashi suka tafi tare. Duk lokacin da na karanta wannan hadisin sai jikina ya yi sanyi, saboda na san maza nawa ne a cikinmu suke tsayawa wurin mai balangu su ci su goge baki, su shiga gida hannu rabbana.

To amma fitar ma akwai yadda ake yin ta, kuma ni sai da na yi kuskure na gane. Da muka cika shekara biyar da aure, na zaɓi wani gidan abinci a Maitama saboda hotunansa da na gani a Instagram. Fitilu masu ruwan zinare, furanni, faranti kamar a rataye a bango. Ban je na duba ba, ban kira na yi tambaya ba. Muna shiga kiɗa ya tare mu, irin wanda sai ka ɗaga murya kafin wanda ke gabanka ya ji ka. Tsakanin teburinmu da na kusa bai fi kamu biyu ba, kuma mutanen da ke kai kwalabe ne jere a gabansu. Aka miƙo takardar abinci, rabin sunayen da Italiyanci. Ta duba ta duba, ta ce in zaɓa mata. Na zaɓi nama. Da aka kawo ta yanka, cikinsa jajir, ruwa-ruwa yana fita. Ta ci dankalin da ke gefe, ta ajiye cokali. Na tambaye ta ko lafiya, ta yi murmushi ta ce: "Lafiya lau, Abbansu. Wurin ya yi kyau, Allah ya ƙara buɗi." A mota ba wanda ya ce uffan. Da muka isa gida, wajen sha ɗaya na dare, na ji motsinta a kicin tana dafa taliya. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin ranar tata ce, ni kuma idon mutane na je burgewa.

Akwai wani gidan abinci a Landan mai suna Chishuru. Mai shi, Adejoké Bakare, a Kaduna ta girma, kuma a watan Fabrairun 2024 ta zama baƙar mace ta farko a Birtaniya da ta samu tauraron Michelin, wato lambar yabon da ake ba gidajen abincin da suka yi fice wajen girki. Sunan daga Hausa ta ɗauko shi: ci shiru, wato shirun nan da ke sauka a kan mutane idan abinci ya yi daɗi har kowa ya manta da magana. Cikin abin da ta ciyar da Turawa har da sinasir, wanda mu a nan muke ganin abincin Sallah da biki ne kawai. Da na ji ma'anar sunan sai na tuna daren Maitama. Mu ma mun ci shiru, amma namu shirun takura ne. Duk wanda ya yi aure ya san bambancin biyun, kuma aikinka wajen zaɓen wuri shi ne ka samo wa matarka na farkon.

Abin da na fara gaya wa ƙanena shi ne zuwa da kai ya fi aike. Je ka wurin da ƙafarka, a irin ranar da kuma irin lokacin da za ku je. Wurin da yake tsit ranar Talata da azahar yana iya komawa gidan rawa ranar Asabar ƙarfe tara. Ka zauna ka sha ko shayi ne, ka kasa kunne. In kana jin hirar mutanen teburin kusa kalma-kalma, su ma za su ji taku, kuma babu macen da za ta buɗe zuciyarta a haka. Ka duba inda janareta yake. Ka duba ko iskar na'urar sanyaya ɗaki tana dukan wani tebur kai tsaye. Ka leƙa banɗaki, domin tsabtarsa takan ba ka labarin kicin ɗin da ba za a bari ka shiga ba. Sannan ka nuna teburin da kake so da hannunka, ka ce a ajiye maka shi: na lungu, nesa da ƙofar shiga, nesa da ƙofar kicin da ake ta buɗewa ana rufewa.

Maganar lungun nan ba ƙarama ba ce a wurinmu. Mun taso da kunya, kuma matanmu da yawa ba sa iya cin abinci idan ana kallonsu. Wadda ke sa niƙabi kuwa, in ka zaunar da ita a tsakiyar fili ka hukunta ta ne, domin kowace loma sai ta ɗaga mayafi tana waige. Ka tambaya ko suna da ɗan keɓaɓɓen ɗaki. In babu, ka ba ta kujerar da ke fuskantar bango, kai ka zauna kana fuskantar jama'a. A gari kamar Kano, inda kowa ya san kowa, ka yi tunanin wurin da ba za ku yi kiciɓis da abokan babanta ko ogan ofishinku ba. Ba laifi kuke yi ba, amma da zarar suruki ya shigo, hira ta ƙare, sai gaisuwa da sunkuyar da kai.

Sai abin da ya fi komai nauyi, wato halal. A Kano, inda shari'a ta hana sayar da giya, hankalin mutum yakan ɗan kwanta. A Abuja da Legas dole ka buɗe baki ka yi tambaya. Hadisi ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma da yawanmu mun kiyaye wannan. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne wadda ke shiga cikin girkin. Girkin Faransa da na Italiya sukan zuba giyar inabi a miyar da ake malala wa nama, har da shinkafar nan tasu da ake kira risotto. Taliyar carbonara ta asali da naman alade ake yin ta. Tiramisu, kayan zaƙin da ake kawowa a ƙarshe, sau da yawa akwai giya a ciki. Har Chapman, wanda muke sha a matsayin lemo a wurin biki, a haɗinsa na asali ana ɗiga wani ruwa mai ɗaci da ake kira Angostura, kuma kashi 44.7 cikin ɗari na abin da ke cikin wannan 'yar kwalbar barasa ce. Ɗigo kaɗan ake sawa, malamai kuma suna da bayani a kan irin wannan, amma ni nakan ce a haɗa mana ba tare da shi ba, kuma ban taɓa samun wanda ya ƙi ba. Ka yi waɗannan tambayoyin tun kafin ranar, ba a gabanta ba. Yadda suka amsa ma ya ishe ka awo. Wurin da ma'aikaci ya ce bari ya tambayo mai girki, ya dawo da amsa filla-filla, wurin kirki ne. Wanda aka ce maka "ba matsala, Alhaji" tun kafin ka rufe baki, ka yi hattara da shi.

Game da abincin kansa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin waɗannan wuraren ba sa cika faranti. Kaɗan-kaɗan ake kawowa, na buɗe baki, sai babban, sai na zaƙi, kuma zaman yakan kai awa biyu ko fiye. Akwai matan da wannan ne yake burge su, suna son ɗanɗana abin da ba su taɓa ci ba, su tambayi me aka sa a ciki, gobe su gwada a gida. Akwai kuma wadda in ba ta ga shinkafa da kaza da yaji ba, ba ta ci abinci ba. Babu wadda ta fi wata wayewa. Yawancin wuraren nan suna sa jerin abincinsu a intanet, ka tura mata tun kwana biyu kafin ranar ta duba a nitse, kada ta zo tana kokawa da baƙin sunaye ma'aikaci na tsaye a kanta. In nama za ku ci, ka faɗa da bakinka cewa a gasa shi ya nuna har ciki, domin su a al'adarsu da jansa suke so. In cokula da wuƙaƙe sun yi yawa a gefen faranti, daga na waje ake farawa a yi ciki. In kuma ta fi son cokali ɗaya tal, ka nema mata, kai ma ka ɗauki irinsa.

Kada kuma ka dogara da masu tallar wuraren cin abinci a Instagram da TikTok. Da yawansu gayyatarsu ake yi, a ba su tebur mafi kyau, a ciyar da su kyauta. Abin da ya sa duniya take girmama taurarin Michelin shi ne masu binciken nasu ɓoye kansu suke yi, su ci kamar kowa, su biya kuɗinsu. Kamfanin tayar mota ne na Faransa ya fara buga littafin jagora na Michelin a 1900 don direbobi su san inda za su tsaya a hanya, ya fara ba da tauraro a 1926, kuma a kan abin da ke cikin faranti ake bayarwa, ba a kan labule da fitilu ba. Littafin bai shigo Nijeriya ba, don haka kai ne mai binciken gidanka. Ka tambayi wani magidanci da ya kai iyalinsa ya biya da aljihunsa.

Kuɗi kuwa, daidai ruwa daidai tsaki. Kada ka ci bashi don dare ɗaya, ta zo tana ganin damuwa a fuskarka har ƙarshen wata. Ka sani farashin da ke rubuce ba lallai ne shi za ka biya ba: akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wurare da yawa kuma suna ƙara kuɗin hidima a kai. Ka tambaya tun farko ko an haɗa su. Ka riƙe kati na biyu ko tsabar kuɗi saboda ranar da POS zai ƙi. Idan lokacin biya ya yi, ka tashi ka je ka biya a can. Matanmu masu tausayi ne, in ta ga adadin sai ta fara lissafin buhun shinkafa nawa ke nan, daɗin abincin ya fita daga bakinta.

Lokaci ma ka tsara shi. Ku yi Isha'i sannan ku fita, ko ku zaɓi wurin da ke da masallaci da wurin alwalar mata. Yara a kai su gidan kakarsu tun da rana, don kada hankalinta ya rabu biyu. Wayarka ta shiga aljihu ta zauna a can.

Da muka cika shekara goma, sati guda na yi ina zagaye bayan an tashi daga aiki. Wurare huɗu na shiga. Na ƙarshen ƙarami ne, teburansa ba su kai goma sha biyu ba, kuma kuɗinsa bai kai na Maitama ba. Na zaɓi tebur a bayan wata babbar tukunyar fure, na roƙi a rage kiɗa a ɓangarenmu, aka rage. Ita ta zaɓi gasasshen kifi tun daga gida. Da aka kawo ta yi bismillah, ta kai loma ta farko, ta lumshe ido. Mun fi minti biyar ba wanda ya yi magana. Na tuna hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, cewa har lomar da mutum ya sa a bakin matarsa yana da lada a kanta, sai na gutsuro daga farantina na miƙa mata. Ta waiga ta ga ba mai ganinmu, ta karɓa.

Daga nan hira ta ɓalle. Ta ba ni labarin abubuwan da suka dame ta a shekarar farko ta aurenmu, lokacin muna ɗaki ɗaya a gidan haya, waɗanda ban taɓa sani ba sai a daren. Ni ma na faɗi nawa. Sai da ma'aikata suka fara kife kujeru muka tashi. A mota ta ce: "Abbansu, baɗi in Allah ya kai mu nan za mu dawo. Amma zan taho da yajina a jaka."