Safar hannun da ake talla ba za ta tayar da hannun da ya shanye ba

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok a kwanakin nan ya ci karo da bidiyon. An zaunar da dattijo a kujera, an zura masa wata safar hannu mai siraran bututu da ɗan famfon iska, sai yatsunsa su riƙa buɗewa suna rufewa, mai talla kuma yana ta rantsuwa cewa nan da 'yan makonni mai shanyewar ɓarin jiki zai koma cin tuwo da hannunsa. Ga lambar waya a ƙasa, ana aikawa kowane gari. 'Ya'ya na karo-karo suna saya wa iyaye, wasu har da cin bashi.

Tsadar ba ita ta fi damuna ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tunanin da tallar ta hau kansa, wato cewa hannun da ya shanye abu ne da ake gyarawa daga waje, mai shi yana zaune yana kallo. Tunanin ya girmi safar. Shi ne ya haifi man shafawa kala-kala, da tausa, da gashi da ruwan zafi, da ƙaho, da hayaƙi. Yanzu an yi masa ado da batir da caja, shi ke nan ya zama kimiyya.

An bar jaki ana dukan taiki. Ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a can, sashen da ke ba hannu umarni ya lalace, hannun kuwa a kwanakin farko tsokarsa da ƙashinsa lafiya lau suke. Abin da ke dawo da motsi shi ne sauran sassan ƙwaƙwalwa su koyi aikin da wancan ya bari, kuma ba sa koyo sai mai hannun ya yi niyya, ya yunƙura, ya kasa, ya sake yunƙurawa. Safar da ke buɗe yatsun mutum yana hira da baƙi iyakarta ta hana gaɓoɓi ƙagewa, aikin da ɗansa zai yi masa kyauta idan an nuna masa yadda ake yi.

Waɗanda suka fi mu kuɗi sun riga sun gwada na'urar da ta ninka wannan sau ba adadi. A Biritaniya an ɗauki marasa lafiya 770, aka ɗora wasu a kan na'urar mutum-mutumi da aka ƙera a jami'ar MIT ta Amurka, minti 45, sau uku a mako, har mako 12. Da mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2019, aikin hannun waɗanda suka hau na'urar bai fi na waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba ba. Kafin nan, a 2010, an gwada irinta a kan tsofaffin sojojin Amurka 127, ita ma ba ta fi ƙwararren da ya ba mara lafiya atisaye mai yawa daidai da nata ba. Ga shi kuma waccan na'ura tana jiran mutum ya yunƙura ne kafin ta taimaka masa. To ina ga safar da ba ruwanta da ko mai ita yana barci?

Abin dariya, akwai safar da ta yi aiki a bincike, amma a hannu mai lafiya ake sa ta. Wani masani Ba'amurke, Edward Taub, ya lura da birai waɗanda aka yanke wa jijiyar ji ta hannu ɗaya: sukan daina amfani da hannun gaba ɗaya, alhali yana iya motsi. Da aka ɗaure mai lafiyar, sai ga mataccen ya soma aiki. Ya gane cewa bayan raunin da ciwon ya kawo akwai wani rauni na biyu da ake koya, mutum ya gwada ya kasa, ya ji kunya, ya koma ga ɗayan hannun, har ƙwaƙwalwa ta yi watsi da wannan. A kan haka aka gina maganin da Steven Wolf da abokan aikinsa suka gwada a kan mutum 222 a Amurka, aka buga a 2006. Mutanen sun yi wata uku zuwa tara da kamuwa. Aka rufe musu hannu mai lafiya kusan duk lokacin da suke a farke, aka sa su aiki da raunanan har awa shida a rana, tsawon mako biyu. Bayan shekara guda ribar tana nan.

Sirrin duka a yawan maimaici yake, kuma nan ne mu duka muka gaza, har da asibitoci. A 2009 Catherine Lang da tawagarta sun zauna suna ƙirga motsin da ake sa mara lafiya ya yi a ɗakunan gashi, wato sashen asibiti da ake koya wa gaɓoɓi motsi, na Amurka da Kanada, suka samu kimanin sau 32 a zama ɗaya ga hannu. Dabbobin da aka ga ƙwaƙwalwarsu ta sauya a ɗakin bincike ɗaruruwa suke yi a rana. Idan a can 32 ne, mai karatu ya ƙiyasta na majinyacin da ke biyan kuɗin A Daidaita Sahu ya je asibiti sau ɗaya a mako, ya bi layi, a haska masa fitila mai zafi a kafaɗa, a murza hannun, a ce ya dawo wani makon. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce tun 2023 a riƙa ba mai wannan ciwo aƙalla awa uku a rana, kwana biyar a mako, muddin zai iya.

Awa shida ko uku da ƙwararre ba abin da za mu samu ba ne nan kusa, kowa ya sani. Shi ya sa aikin da aka yi a Kano ya kamata ya fi kowace talla yawo a wayoyinmu. Dakta Auwal Abdullahi na Jami'ar Bayero ya buga bincike a 2018 inda ya ce maimakon a ƙirga awanni a ƙirga motsi, ya gwada sau 300 da sau 600 a rana, ya kuma nuna hanyar tana aiki. Wannan magana ce da kowane gida zai fahimta. Ɗaukar moɗa a kai baki, buɗe murfin kwalba, tsintar wake ana zubawa a kwano, ɓalle maɓallin riga, karkata buta, kowanne sau kaza, safe da rana da yamma. Gidan da ke da carbi yana da abin ƙirga, zagaye uku na mai 99 ya kusa cika ɗari uku. Ba mai tallata wannan, don ba a samun ko sisi a kansa.

Sai kuma mu 'yan uwa, waɗanda nake ganin mun fi mai safar laifi, domin shi kasuwa ya fito. Da zarar ciwon ya sami Baba, gida ya rikiɗe ya zama wurin hidima. "Sannu Baba, bari in ba ka a baki." "Kawo in sa maka rigar." A yi masa alwala, a riƙe masa kofi, a naɗe hannun a cikin mayafi kamar abin kunya. Matar da ta daure ta bar mijinta yana fama da cokali, miya na zuba masa a riga, dangin miji za su ce ba ta da tausayi, wata ƙila ma a ce ita ta yi masa. Haka muke koya wa hannun zaman banza da kanmu, muna kiran abin ladabi. Ina ganin tsayawa kusa da tsoho minti ashirin yana kokawa da loma ɗaya ya fi ba shi a baki wuya nesa ba kusa ba, shi ya sa muke zaɓar mai sauƙin.

Ga kuma ɓarnar da ake yi da hannu. Kafaɗar da tsokarta ta saki ba ta da abin riƙe ta, amma da wannan hannun ake jan mutum a tayar da shi daga tabarma, da shi mai tausa ke nuna ƙarfinsa. Kafaɗa ta goce, ciwo ya shigo, mai ciwo ya ƙi yarda a sake taɓa shi. Wanda ji ya ragu a ɓarin jikinsa kuwa sai ruwan zafi ya saɓule masa fata bai sani ba.

Duk wannan yana faruwa ne a watannin da suka fi kowane lokaci daraja. Mafi yawan farfaɗowa a wata ukun farko take zuwa, wani bincike da aka yi a Washinton aka buga a 2021 ma ya nuna ƙarin awa 20 na atisaye ya fi amfani a tsakanin wata na biyu da na uku. Mu kuwa a nan ne muke yawo daga mai magani zuwa mai magani, ana cewa iska ce, jifa ne. Addu'a ba ta taɓa hana mutum motsa hannunsa ba, kuma babban binciken da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi, har da na Kano da Zariya, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa a cikin abubuwan da ke kawo ciwon. Sai yatsu sun dunƙule sannan a nufi asibiti. Masu cewa bayan wata shida an yi sallama da hannu su ma ba su da gaskiya: a wani asibiti a Landan an ba waɗanda suka daɗe da ciwon awa 90 cikin mako uku, suka samu ci gaba.

Za a ce ba kowa ke da motsin da zai fara da shi ba. Haka ne, ɗaure hannu mai lafiya sai ga wanda zai iya ɗan ɗaga wuyan hannu da yatsu, kuma wasu hannuwan ba za su dawo yadda suke ba ko me aka yi. Amma ga wanda hannunsa ko motsi ba ya yi akwai madubi, a ɓoye raunanan a bayansa, mutum ya motsa mai lafiyar yana kallon hotonsa kamar wancan ne ke motsi. An tattara bincike 62 a kai a 2018, aka ga yana taimakawa, madubin kuwa na kasuwa ne. Wani zai kawo gwajin da aka yi a Indiya, aka buga a 2017, inda aka horar da 'yan uwa su riƙa sa mara lafiya atisaye a gida amma bai ƙara komai ba. Wannan hujja ce ta cewa ba a koya wa iyali a sallame su ba tare da bibiya ba, ba hujjar sayen safa ba ce. Hatta na'urar da Amurka ta amince da ita a 2021, wadda ake dasawa a jiki tana tsikarar wata jijiya a wuya, a gwajinta sai da aka haɗa ta da motsi ɗaruruwa a kowane zama.

Gyaran ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Kada a sallami mai wannan ciwo daga asibiti sai likitan gashi ya zauna da wanda zai yi jinyarsa ya rubuta musu abin yi da adadinsa. A koya wa ma'aikatan asibitocin unguwa su riƙa duba ko ana yi. Gidajen rediyon da ke sayar wa masu man shafawa fili su ba likitocin gashi ko rabin awa ne a mako. 'Yan siyasar da suka ƙware wajen rabon keken guragu gaban kyamara su ɗauki ma'aikata. Hukumar NAFDAC kuwa, wadda doka ta ɗora wa sa ido a kan na'urorin lafiya, ta kira masu safar nan ta ce su kawo shaidar mutum nawa suka warkar, a wane asibiti, wa ya auna.